Asibiti a Cikin Rami: Sharhi Kan Littafin Likitocin UPA

Littattafan yaƙi sun fi son mai bindiga, shi ya sa juzu'i na 23 na jerin Litopys UPA ya ja hankalina, domin shi kacokan a kan masu ɗaure rauni ya tsaya. An buga shi a Toronto a 1992, wanda ya tattara shi kuwa Modest Ripeckyj ne, mutumin da ya yi aikin likita a cikin ƙungiyar, ya tsallaka zuwa yammacin Jamus a 1947. UPA ita ce rundunar ƴan tawayen Yukren da ta taso lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta gwabza da Jamus, da ƴan Polan, sannan ta daɗe tana fafatawa da Tarayyar Sobiyet har cikin shekarun 1950.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne wurin bayanin yadda ake aikin. Rundunar da ba ta riƙe da gari ba ta da inda za ta kwantar da wanda aka harba. Da farko a gidajen ƙauye ake ɓoye masu rauni, da bincike ya tsananta sai aka koma haƙa ramuka a daji, a daɓe su da katako, a jera gadaje a ciki. Lokacin sanyi ya fi kowane tsanani. Sawun ƙafa a kan ƙanƙara kaɗai ya isa ya tona asirin wurin, haka ma hayaƙin murhu, don haka mutane kan yi watanni a ƙarƙashin ƙasa cikin danshi da ƙarancin iska. Magani kuwa sai abin da aka saya a ɓoye ko aka ƙwato, sauran a cike da ganyayyaki da saiwoyi, a yayyaga zannuwan da matan ƙauye suka bayar a yi bandeji. Ga kuma taifus, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a asibitin da ba wuta ba ruwa zai karanta waɗannan shafuka jikinsa ya yi sanyi.

Mafi yawan nauyin a kan ƴan mata yake, waɗanda aka yi wa ɗan gajeren horo a ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta ɓoye da suka kira Red Cross ta Yukren. Kateryna Zarytska, wadda ta shugabance ta, an kama ta a 1947, ta shafe shekara 25 a tsare. A farkon wannan shekarar ne kuma sojojin Polan suka gano asibitin rami a dutsen Khreshchata, ma'aikatan jinya da masu rauni suka mutu a ciki.

To, amma ina da ja da littafin, kuma ba ƙarami ba ne. Waɗanda suka rubuta shi tsofaffin ƴan ƙungiya ne da ke gudun hijira, bayan Sobiyet ta yi shekaru tana kiransu ƴan fashi. Na fahimci abin da ya sa suke son wanke sunansu. Sai dai wankin ya sa kusan kowa a ciki ya fito tas, likita jarumi, ma'aikaciyar jinya mai sadaukarwa. Mai karatu zai rufe littafin bai ji nauyin abin da ya faru a Volhynia a 1943 ba, inda mayaƙan wannan runduna suka kashe fararen hula ƴan Polan dubun dubata. Hannun da aka yi wa ɗori a ramin, wataƙila shi ne ya cinna wa wani ƙauye wuta. Ban ce likita ya ƙi duba shi ba, aikinsa ke nan. Amma littafin da ya ɗauki sunan tarihi bai kamata ya kau da kai daga wannan ba.

Batun likitoci Yahudawa ya fi damuna. Gaskiya ne sun yi aiki a UPA, magoya bayanta kuma sun daɗe suna kafa hujja da su cewa ƙungiyar ba ta ƙyamar kowa. Sai mu tambaya, wane zaɓi Bayahude yake da shi a 1943, Jamus na farautarsa, ga masu bindiga a daji suna neman likita ruwa a jallo? Masana irin su John-Paul Himka sun nuna cewa wasu dole aka yi musu, wasu kuma an kashe su da sojojin Sobiyet suka matso. Har akwai labarin wata Stella Krentsbakh da ya yaɗu tun shekarun 1950, wai Bayahudiya ce da UPA ta ceta, wanda masana tarihi da dama ke ɗauka ƙagagge ne.

Don haka ni na yarda da Ripeckyj da abokansa idan suna bayanin yadda ake ciro harsashi da hasken fitila. Idan aka zo kan waɗanda suka riƙe wuƙar tiyatar ba da son ransu ba, sai na ajiye shi na ɗauko littafin Himka na 2021.