Tsanin da Ake Iya Zamowa Daga Kansa

A shekarar 1993 Don Norman ya kama aiki a kamfanin Apple, ya kuma zaɓa wa kansa muƙamin da ba a saba ji ba a lokacin: mai kula da duk abin da mutum zai gamu da shi a kwamfuta, tun daga buɗe kwalinta har ranar da ta fara ba shi ciwon kai. Daga nan sunan wannan sana'a ya bazu. Yau da wuya ka samu banki ko kamfanin waya da ba shi da masu zayyana manhaja, waɗanda ke yanke inda maɓalli zai zauna, da kalmar da za a rubuta a kansa, da yawan matakan da mutum zai bi kafin kuɗinsa su isa inda ya tura su. Ɗaukarsu aiki abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne ko maganarsu tana da nauyi a ɗakin da ake raba kuɗi da sa ranar fitar da kaya.

Jakob Nielsen, wanda suka kafa kamfanin ba da shawara tare da Norman a 1998, ya fito da wani ma'auni a 2006 mai matakai takwas na auna yadda al'adar kula da mai amfani da kaya ta nuna a kamfani. A 2021 kamfanin nasu ya mayar da matakan shida, daga ma'aikatar da babu ruwanta da mai amfani da kayanta zuwa wadda binciken halinsa ne ke ja mata gora. Manajoji suna son ma'aunin, don yana ba su lambar da za su kai gaban daraktoci: bara muna mataki na biyu, bana mun hau na uku. Ba na raina shi. Yana sa a yi maganar da ake ta kaucewa. Sai dai siffarsa ta tsani tana sa a ɗauka cewa matakin da aka taka ya zama mallaka. Tarihin IBM bai goyi bayan wannan zato ba.

A 1956 shugaban IBM, Thomas Watson ƙarami, ya ɗauko Eliot Noyes ya damƙa masa fasalin duk abin da kamfanin ke yi. A zamanin ne Paul Rand ya zana tambarin kamfanin, aka kuma fitar da tafiretar Selectric a 1961. Da akwai ma'aunin Nielsen a lokacin, da IBM yana can sama. Amma lokacin da Ginni Rometty ta karɓi shugabanci a 2012, lissafin da kamfanin ya bayar da kansa shi ne mai zayyana guda ga masu rubuta manhaja 72. Babu wanda ya zauna ya soke al'adar Noyes. Waɗanda suka riƙe ta ne suka tsufa suka tafi, kamfanin ya karkata ga manhajojin da manyan jami'ai ke saya, ƙananan ma'aikata su sha wahalar amfani da su. Idan mai biya dabam, mai amfani dabam, kukan mai amfani ba ya isa kunnen kowa.

Phil Gilbert aka ba aikin farfaɗo da abin. Ya buɗe cibiyar zayyana a birnin Austin a 2013, aka ɗauki masu zayyana fiye da dubu, da burin kai lissafin ga ɗaya cikin takwas. Wannan adadi shi aka fi yayatawa, amma ƙa'idojin aikin da ya shimfiɗa sun fi shi muhimmanci. Kowace ƙungiya sai ta rubuta burinta da sunan mutum: wane ne, me zai iya yi bayan an gama, kuma burin kada ya wuce uku. Sai ta samo ainihin masu amfani da kayan su riƙa shiga aikin tun farko. Sai kuma lokaci-lokaci a tara injiniyoyi da manajoji a nuna musu aikin a matsayin labarin wannan mutum. Dabarar a nan ita ce an ɗora nauyin a kan injiniya da manaja, ba a bar wa mai zayyana shi kaɗai ba. Duk da haka kuɗin shigar IBM sun yi ta raguwa har zuwa ƙarshen 2017, kwata 22 a jere. Duk wanda ya ce maka zayyana kaɗai za ta ceci kamfani, talla yake yi.

Abin da masu kwaikwayo suka kwasa daga wannan zamani shi ne fatarsa: bita ta kwana biyu, bango cike da 'yan takardu masu launi, hoto a shafin kamfani. Litinin na zagayowa a koma yadda ake.

Tushen al'adar ya fi haka arha. Scott Cook, wanda ya kafa Intuit a 1983, ya sa ma'aikatansa suna bin wanda ya sayi manhajar Quicken har gida, da izininsa, su zauna su ga yadda yake fama da ita. Sauraron masu amfani ne ya nuna musu cewa da yawa lissafin ƙananan kasuwancinsu suke yi da manhajar da aka yi don lissafin gida, sai aka fitar da QuickBooks a 1992. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nielsen ya nuna cewa kallon mutum biyar ya isa ya tona yawancin matsalolin shafi, Jared Spool kuma ya kawo ƙa'idar cewa kowane ɗan ƙungiya, har shugaba, ya kalli masu amfani na awa biyu a duk mako shida. Manajan da ya ga dattijo ya kasa gano maɓallin biya da idonsa ba ya buƙatar rahoto mai shafi hamsin.

Hukumar ayyukan intanet ta gwamnatin Birtaniya, wadda aka kafa a 2011 ta kuma buɗe shafin GOV.UK a 2012, ta rungumi wannan ƙa'ida, ta ƙara da abin da mafi yawan kamfanoni ke tsoro: iko. Ma'aikatar da ba ta nuna ta gwada aikinta da jama'a ba, ana iya hana ta ƙaddamar da shi, aka kuma ba hukumar bakin magana kan kuɗin da ma'aikatu ke kashewa a harkar kwamfuta. A nan nake auna nunar al'ada. A tambayi kamfani yaushe rabon da ya ɗage ranar fitar da kaya saboda mutum biyar sun kasa amfani da su, kuma wa ya sa hannu.

Tambayar ta shafe mu. Manhajojin bankunanmu galibi a Legas ake tsara su, da Turanci, a kan wayoyi masu tsada da intanet mai ƙarfi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke miƙa katinsa ga yaron POS ya cire masa kuɗi, alhali manhajar banki na cikin wayarsa, ya riga ya bayar da sakamakon gwajin. A takardun banki kuwa za a ƙirga shi cikin waɗanda suka sauke manhaja, a kai lambar gaban daraktoci.