Rinca: Kamun Kifin da Ake Gamawa Tun Kafin Dare

Cikin dabarun su na ƙasar Hausa, rinca ce ta fi shan raini. Masu jefa birgi da masu jan taru kan ɗauke ta sana'ar wanda ƙarfinsa ya ƙare: a girke igiya da yamma, a tafi gida a kwanta. Wanda ya san ruwa kuwa ya san cewa mai rinca yakan gama aikinsa ne tun kafin kifi ya iso.

Tsarinta ba wuya. Doguwar igiya ce ake rataya wa gajerun zarurruka a jere, kowane da ƙugiya a bakinsa. A ɗaure gefe guda a turke ko dutse, a sa gora ko jarka ta zama alama a saman ruwa, sannan a bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya ana soka musu tana, ko katantanwa, ko ƙaramin kifi. Wasu har gutsuren sabulu suke sa wa tarwaɗa. Da asuba a shiga kwalekwale a duba.

Hikimar tana cikin zaɓi. Tarwaɗa da kurungu a ƙasan ruwa suke kiwo, galibi da dare, don haka sai an nutsar da igiya. Giwan ruwa mafarauci ne, ƙaramin kifi mai motsi ya fi jan hankalinsa. Girman ƙugiya shi ke yanke girman abin da za a kama, domin 'ya'yan kifi ba sa iya haɗiye babbar ƙugiya. Nan rinca ta bambanta da mamari, wanda ba a sa masa abinci, sai dai ƙugiyoyi birjik su caki duk abin da ya gifta, wani ya kuɓuce da rauni. Ta kuma bambanta da taru mai ƙananan idanu da ke kwashe babba da yaro. Kifin rinca shi ya kawo kansa, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Darajar rinca ta ƙaru bayan da ruwayenmu suka sauya. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta mayar da wani yanki na kogin Kwara tafki, ta bar itatuwa a nutse inda raga ke yagewa, igiya kuwa ana iya ratsa ta tsakaninsu. A fadamun Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, nan ma jan raga ya yi wuya. Ga sauƙin jari: matashin da bai da kuɗin raga yana iya sayen ƙugiyoyi da igiya.

Sai dai rinca na da nata aibi. Kifin da ya mutu tun tsakar dare ya kwana cikin ruwa mai ɗumi yakan fara lalacewa kafin a ciro shi, sai dai a banɗa shi a sayar da araha. Kunkurun ruwa ma yakan faɗa. Mai neman giwan ruwa kuma yakan kashe ƙananan kifaye da yawa don ciyar da ƙugiyoyinsa, wato ribar da aka samu ta nan a zubar ta can. Igiyar roba da aka manta a ruwa ba ta ruɓewa da wuri.

Babban sharaɗinta kuwa amana ce. Kayan da aka bari a ruwa ba mai gadi, al'ada ce kaɗai ke tsare su. Shi ya sa a wajen Sarkawan Yawuri da Argungu, Sarkin Ruwa ke sasanta rikicin wurin kamu da na taɓa kayan wani. Inda wannan iko ya raunana, masunci kan koma ga abin da zai ja ya tafi da shi nan take, ko da zai kwashe 'ya'yan kifi. Duk hukumar da ke son kifi ya wanzu, sai ta haɗa dokar girman idon raga da ƙarfafa sarakunan ruwa.