Sababbin Salailan Zayyana a Dardumar Farisa: Matsayin Masaƙiya a Ayyukan Masu Fasahar Zamani

1.0 Gabatarwa

Saƙar darduma da hannu tana daga cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Farisa, wadda a yau ake kira Iran. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya saƙar lardin Fars da ta birnin Kashan cikin jerin al'adun gado na duniya. Tun daga wajejen 1970 aka sami masu fasahar zamani da suka mayar da hankali ga zayyanar wannan darduma, wasu suna tattara ta, wasu kuma suna sauya mata kama. Manufar wannan maƙala ita ce nazarin ayyukan uku daga cikinsu bisa ma'auni guda, wato matsayin da kowane sabon salo ya bai wa mai saƙa, wadda galibi mace ce.

2.0 Ƙa'idojin Zayyanar Gargajiya

Kamar yadda harshe yake da nahawu, haka dardumar birni take da ƙa'idojinta. Akwai gefe da ya kewaye ta, da fili, da babbar zayyana a tsakiya wadda ake kira toranj da Farisanci, sai kuma kusurwoyi huɗu masu ɗauke da ɓangaren wannan zayyana, waɗanda ake kira lachak. Dama takan yi daidai da hagu. Ana gina duk wannan ne da ƙulli ɗaya bayan ɗaya a kan zaren tsaye. Mai zayyana shi ne yake zana taswira a takarda mai gidaje-gidaje, kowane gida yana wakiltar ƙulli guda, masaƙa kuwa su bi ta.

Fitaccen misali shi ne dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Tsawonta ya kai kimanin mita 10.5, faɗinta kuwa mita 5.3. An saƙa shekarar 946 ta Hijira a jikinta, wato 1539 zuwa 1540, tare da sunan Maƙsud Kashani. Masana suna ganin Maƙsud shi ne ya shugabanci aikin, don kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sunayen waɗanda suka ɗaura miliyoyin ƙulle-ƙullenta bai zo a ko'ina ba. Ashe ke nan raba mai suna da mai aiki tsohuwar al'ada ce.

Haka ma sauya zayyana saboda kasuwa. A 1883 kamfanin Ziegler na Manchester ya kafa reshe a Sultanabad, garin da yanzu ake kira Arak, inda aka riƙa sassauta launuka domin su dace da ɗakunan Turawa.

A gefe guda kuma akwai saƙar makiyaya, irin ta matan Ƙashƙa'i na lardin Fars. Dardumarsu mai kauri da ake kira gabbe ba ta bin taswira. Masaƙiya takan saƙa abin da ke ranta, ko zaki, ko itace, ko akuya, kuma idan rinin ulu ya bambanta a tsakiyar aiki sai ta bar bambancin ya fito. A nan mai zayyana da mai saƙa mutum ɗaya ce.

3.0 Salailai Uku na Zamani

3.1 Parviz Tanavoli

An haifi Tanavoli a Tehran a 1937, kuma ya yi suna ne a sassaƙa. Yana cikin jagororin tafarkin Saƙƙakhane na shekarun 1960, wanda ya nemi tushen fasahar zamani a cikin al'adun talakawan Iran. Ya tattara dardumomin makiyaya masu hoton zaki, ya baje kolinsu, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1985. Gudummawarsa ita ce sauya idon mai kallo. Kayan da dillalai suke ɗauka na shimfiɗar tanti ne kawai, sai ga shi ana nazarinsa a matsayin fasaha. Ƙafar zaki da ta karkace, wadda a da ake ƙirga ta kuskure, ta zama shaidar zaɓin masaƙiya. Fim ɗin Gabbeh na Mohsen Makhmalbaf, wanda ya fito a 1996, ya ƙara yaɗa wannan fahimta. Sai dai farin jinin gabbe ya jawo wata illa: da odar ƙasashen waje ta yawaita, sai 'yan kasuwa suka fara kai wa masaƙa taswirar abin da ake so, saƙar da aka yaba saboda 'yancinta ta koma bin umarni.

3.2 Faig Ahmed

Faig Ahmed, wanda aka haifa a 1982, ɗan Azarbaijan ne. Sanya shi a wannan nazari yana da dalili, domin yankin ya kasance ƙarƙashin Iran har zuwa yarjejeniyoyin Gulistan a 1813 da Turkmanchai a 1828, kuma saƙarsa 'yar'uwar ta Tabriz ce. Salonsa shi ne ya fara darduma bisa cikakkiyar ƙa'ida, sannan daga tsakiya zayyanar ta narke, launuka su kwararo ƙasa kamar fenti. Ya shiga jerin ƙarshe na gasar Jameel a Landan a 2013. Ƙarfin aikin yana cikin cewa narkewar ma saƙa ta aka yi, ƙulli bayan ƙulli. Wanda bai san ƙa'ida ba ba zai gane an karya ta ba, shi ya sa rabin farko na dardumar yake koya wa mai kallo dokar da rabi na biyu zai rushe. Amma da kwamfuta ake tsara taswirar, kuma kowane ɗigo an riga an ƙaddara shi. Abin da ido yake gani kamar ɓarkewar 'yanci yana buƙatar biyayyar masaƙiya fiye da zayyanar gargajiya, tunda babu maimaicin da za ta haddace.

3.3 Jan Kath

Jan Kath Bajamushe ne daga garin Bochum. A jerin ayyukansa mai suna Erased Heritage, wato gadon da aka goge, yakan ɗauki tsohuwar zayyanar Gabas, har da ta Farisa, a saƙa ta kamar wani sashe nata ya kankare. Aikin yana da kyan gani ƙwarai, kuma ya jawo masu saye da suka gaji da tsohon salo. Matsalarsa ita ce tsufan na aro ne. Dardumar gaske tana kankarewa ne a wurin da ƙafafu suka yi shekaru suna takawa, don haka kowane tabo yana da tarihi. A nan kuwa an zana tabon ne tun a takarda. Ƙari a kan haka, yawancin saƙar kamfanin ana yin ta ne a ƙasashe irin su Nepal da Indiya. Zayyanar Farisa ta yi tafiya, ta bar masaƙiyar Farisa a gida.

4.0 Kammalawa

Wannan batu ya wuce na ado, domin abincin jama'a yana ciki. Amurka, wadda babbar kasuwa ce, ta haramta shigo da dardumar Iran a 2010, ta ɗage haramcin a 2016, ta kuma mayar da shi a 2018. A irin wannan hali, wanda ya mallaki suna da taswira yana iya kai aikinsa wata ƙasa, ita kuwa masaƙiya ba ta da wannan dama.

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa salailan uku duk sun dogara ga hannun masaƙiya, amma na Tanavoli ne kaɗai ya ɗauki tunaninta a matsayin abin nazari. Ahmed ya fi su zurfin fahimtar ƙa'ida, Kath kuwa ya fi su sanin kasuwa. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya kamata manazarta da gidajen tarihi su riƙa rubuta sunan wadda ta saƙa kusa da sunan wanda ya zana, su kuma riƙa tambayar ko an bar mata wurin da za ta sa nata zaɓin. Darduma ta zamani da ta cika waɗannan sharuɗɗa biyu ita ce za ta gyara giɓin da ya kasance tun zamanin Maƙsud Kashani.