3.4 Matsalar Sunan Hausar da Ake Yi a Ƙetaren Kogin Kaduna

Kafin a shiga nazarin furuci, ya kamata a tsaya a kan sunan da ake kiran wannan Hausa da shi, domin suna yakan yanke hukunci tun kafin a saurari mai magana. Sunaye uku ne suka fi yawo a bakin jama'a: Gwaranci, Barikanci, da kuma Hausar Kaduna. Kowannensu yana da rauni.

Sunan Gwaranci ya jingina wannan Hausa ga ƙabila ɗaya. Alhali a Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha akwai Bajju da Atyap da Ham da Adara, ban da Gbagyi. Tun da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957 ma'aikata suka yi ta kwararowa, Hausa kuwa ita ce ta haɗa su a masaƙa da kasuwa da coci. Bugu da ƙari, akwai raini a cikin kalmar, don ana nufin maganar da ba ta fita daidai ba. Barikanci kuwa sunan Hausar sojoji ne, bai dace da yaron da aka haifa a Narayi ya tashi da Hausa a bakinsa ba.

Sunan Hausar Kaduna ya yi faɗi. Kamar mutum ne ya ce lafazin Birtaniya, bayan kuwa Turancin mutumin Galasgo da na mutumin Landan sun yi hannun riga. Musamman bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da mazauna garin suka rabu, kogi ya zama iyaka, kunne yana iya bambance maganar Tudun Wada da ta Sabon Tasha. Misali:

ƙasa > kasa
ɗaki > daki
tsoro > soro
motar Audu > motan Audu

Idan aka lura, misalai ukun farko sun shafi lafazi ne kawai, wato rasa ƙ da ɗ da ts. Na huɗu kuwa ya shafi jinsi, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin ana jin irinsa a Zazzaganci. Ke nan ba daidai ba ne a kira shi kari a Zariya, sannan a kira shi kuskure a Kakuri. Ita kanta daidaitacciyar Hausa a kan kari ɗaya aka gina ta, wato Kananci.

Saboda haka wannan nazari ya zaɓi sunan wuri, kamar yadda aka yi wa Katsinanci da Sakkwatanci, ya kira ta Hausar Ƙetaren Kogi. An kauce wa Hausar Kudancin Kaduna ne domin wannan suna yakan kai hankali ga yankin Kafanchan da Kagoro.