QuillBot ba ya gyara Turanci, kwaskwarima yake yi masa

Lokacin kare digiri in ya matso, daga shagunan buga takardu na Ƙofar Atiku har harabar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tambaya ɗaya ce a bakin ɗalibai: "Turnitin nawa ya ba ka?" In lambar ta yi sama, sai a zuba babin cikin QuillBot ya musanya kalmomi, a ce an gyara Turanci.

Wannan dabara ba ta tsinana komai. Manhajar ba ta san kimiyya ba, takan maye kalma da 'yar'uwarta. A 2021, Guillaume Cabanac na Jami'ar Toulouse a Faransa da abokan aikinsa sun bankaɗo maƙalu masu irin wannan tabo, inda "artificial intelligence" ya rikiɗe ya koma "counterfeit consciousness", wato hankalin jabu. Tuni aka janye maƙalu da dama saboda haka. Edita na ganin kalmar fanni ta karkace, zai fara zargin sata, ko da bayananka na gaskiya ne. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Malamai ma da laifinsu, tunda lamba suke dubawa, ba hujja ba.

To mafita? Rufe maƙalar da ka karanta, ka faɗi abin da ka fahimta da Hausa cikin jimla uku. In ya gagara, matsalar ba ta Turanci ba ce. In ya yiwu, rubuta shi da gajerun jimloli, ka bar kalmomin fanni yadda suke, sannan ka ambaci mai aikin.