Manhajar Ƙididdige Ɗabi'a da Matsalar Kunya a Gidan Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wata hanyar bincike da ta samu karɓuwa a jami'o'i, watau amfani da manhajar kwamfuta wajen rubuta ɗabi'un da mai bincike ya gani da idonsa, da sanya wa kowace ɗabi'a alama. Za a auna hanyar da ma'aunin rayuwar Hausawa, musamman dangantakar uwa da ɗanta.

2.0 Asalin Hanyar

Hanyar ta samo tushe daga nazarin dabbobi. A 1974 Jeanne Altmann, wadda ta yi nazarin gwaggon biri a Amboseli ta ƙasar Kenya, ta tsara ƙa'idojin lura da ɗabi'a. A 1989 Lucas Noldus ya kafa kamfaninsa a Wageningen ta ƙasar Holan, mai manhajar The Observer. A 2016 kuma Friard da Gamba na Jami'ar Turin a Italiya suka bayyana BORIS, wadda ake samu kyauta.

Yadda ake aikin shi ne, mai bincike ya fara tsara jerin ɗabi'u, ya ba kowace maballi guda. Yana kallon bidiyo yana danna maballin, manhaja tana rubuta lokacin da ɗabi'ar ta fara da lokacin da ta ƙare. Babu shakka wannan ya fi takarda da agogo daidaito, kuma wani na iya komawa ga bidiyon ya bi diddigin aikin.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Sai dai manhaja ba ta ganin komai sai abin da aka sa a jerin. Alal misali, a ce mai bincike ya shiga wani gida a Bilbis ta ƙaramar hukumar Tsafe da jerin da aka tsara a Turai, inda ake auna kulawar uwa da yawan kallon idon jariri, da yi masa magana, da kiran sunansa. In ya tarar da mace da ɗanta na fari, sai maballan nan su yi shiru. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko goggo ke riƙe da shi. Lissafi zai nuna sakaci, alhali kuwa kunya ce, wadda Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a 1974.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. Robert da Sarah LeVine, waɗanda suka yi bincike a ƙasar Hausa, sun bayyana wannan kawaici na iyaye mata a littafinsu na 2016, suka nuna cewa bai hana yaran tashi lafiya ba. Goyo, da shayarwa, da hannuwa da yawa da ke karɓar yaro, su ne kulawar, kuma jerin da ba shi da gurbinsu ya makance.

Ana kafa hujja da cewa masu danna maballi biyu sun dace, bisa ma'aunin da Jacob Cohen ya fitar a 1960. To, dacewar mutum biyu ba ita ce gaskiya ba. In jeri ɗaya aka koya musu, kuskure ɗaya za su yi. Bugu da ƙari, kyamara baƙuwa ce a gidan kulle, kuma kunya ƙaruwa take yi a gaban baƙo. Ke nan na'urar da kanta tana ƙara abin da take ƙirgawa a matsayin aibi.

4.0 Kammalawa

Hatsarin shi ne, irin waɗannan alƙaluma su ne ke shiga rahotannin da ake gina shirye-shiryen lafiya da tarbiyya a kansu, a ɗora wa iyaye mata laifin da ba su yi ba. Don haka ana ba da shawara ga manazarta, musamman na Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke kusa da waɗannan garuruwa, su tsara jerin ɗabi'u da Hausa, tare da ungozoma da dattijan mata, kafin a kunna kwamfuta. A kuma nemi yardar masu gida, mata su ɗauki bidiyon, sannan a nuna wa waɗanda aka ɗauka, a ji fassararsu kafin a rubuta sakamako.