Gyaran Ƙa'idojin Sunayen Funfuna: Nazari da Darasi ga Ƙirƙirar Kalmomin Kimiyya a Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala ta duba gyare-gyaren da aka yi wa ƙa'idojin raɗa wa funfuna sunayen kimiyya a babban taron masana tsirrai na duniya a Melbourne ta ƙasar Ostireliya a 2011, domin auna abin da masu ƙirƙirar kalmomin fannu a Hausa za su ɗauka da wanda ya kamata su bari. An yi amfani da kalmar funfuna a nan da faffaɗar ma'ana.

2.0 Abin da Aka Gyara

Gyare-gyare uku ne suka shafi harshe. Na farko, tun 1935 sai da bayani cikin Latin sabon suna ke inganta, amma daga 2012 an yarda da Ingilishi. Na biyu, daga 2013 an soke al'adar bai wa funfuna ɗaya suna biyu gwargwadon matakin rayuwarta. Na uku, daga wannan shekarar wajibi ne a yi wa sabon suna rajista a rumbu irin su MycoBank.

Misali shi ne Aspergillus flavus, mai kama gyaɗa da masara. A 2009 an siffanta wani matakin rayuwarta da sunan Petromyces flavus, sai sabuwar ƙa'idar ta bar tsohon sunan kaɗai. Wannan ya dace, domin daga gare shi aka tsago sunan gubar aflatoxin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960.

3.0 Tsokaci

Gyaran bai rasa aibi ba. Latin ba harshen uwa ba ne ga kowa; shigo da Ingilishi ya fifita wasu masana a kan wasu. Haka kuma bin dangantakar halitta ya jawo sauya sunayen da likitoci suka saba da su, kamar Candida krusei da ta koma Pichia kudriavzevii.

Duk da haka akwai darasi, kuma unguwannin Hausawa na Legas sun isa a gwada shi. A Agege, inda cinikin goro ya zaunar da Hausawa, da Oko-Oba mai mayanka da kasuwar shanu, damshin kudu kan lalata hatsi da dusa. Bahaushe yana da burtuntuna ga cutar dawa, makero da ƙyasfi ga cututtukan fata, sai naman kaza ga abin da maƙwabcinsa Bayarabe ke kira olu. Ba shi da kalma guda da ta haɗa su, kuma funfuna ba ta bambanta mai guba da marar guba. Jami'in lafiya da ke son gargaɗin mai sayar da dusa zai ari Ingilishi ko ya ƙaga tasa kalmar, gobe wani ya ƙaga wata.

Ba ƙarancin ƙoƙari ne matsalar ba. Akwai A Hausa Botanical Vocabulary na Dalziel (1916), da ƙamusun Bargery (1934), da Hausa Metalanguage (1990). Abin da babu shi ne rumbu guda da zai nuna wanda ya fara kawo kalma, da shekarar, da ainihin halittar da take nufi.

4.0 Kammalawa

Abin aro daga Melbourne shi ne tsarin rajista da fifita sunan da ya riga ya kafu. Amma ƙa'idar suna ɗaya ba ta dace da maganar yau da kullum ba, domin bambancin karin harshe dukiya ce. Ya kamata cibiyoyin nazarin harsuna na Kano da Zariya da Sakkwato su haɗa kai da masana halitta, su tattara sunayen daga bakin manoma da 'yan kasuwa, su jera kowanne da takwaransa na kimiyya, sannan su tsayar da guda domin makaranta da asibiti, sauran kuma a adana su a matsayin masu kama da ma'ana.